Sankarar fata mai saiwa, DFSP: tambayoyi da amsoshi kan ganowa da magani

An tattara waɗannan tambayoyi daga abin da masu wannan ciwo da danginsu suka fi yawan tambaya, tun daga ranar da aka fara zargin ƙarin har zuwa shekarun bibiya bayan tiyata. An sa wa tambayoyin lamba domin amsoshin suna nuni ga juna.

1. Mece ce DFSP?

Taƙaitaccen suna ne na dermatofibrosarcoma protuberans, wata sankara da ke tsirowa a tsakiyar kaurin fata, a ƙarƙashin ɓawon da ido ke gani, inda zaruruwan da ke ba fata ƙarfi suke. Likitoci biyu na Faransa, Darier da Ferrand, su ne suka bayyana ta a 1924, sannan Hoffmann ya raɗa mata sunan a 1925. Ba ta da yawa: a cikin mutum miliyan ɗaya, waɗanda take kamawa a shekara ba su cika wuce biyar ba. Ta fi kama masu shekara 20 zuwa 50, maza da mata, kuma ƙididdigar Amurka ta nuna ta fi yawa a tsakanin baƙaƙen fata.

Halinta guda biyu ne ya kamata a riƙe. Na farko, tana girma a hankali kuma da wuya ta tafi wani sashe na jiki. Na biyu, abin da ake gani a sama kaɗan ne daga cikinta. Tana tura siraran saiwoyi cikin kitsen da ke ƙarƙashin fata, su bazu gefe da gefe inda ido ba ya gani, hannu ma ba ya ji. Daga wannan hali na biyu kusan duk matsalar maganinta ta taso.

2. Yaya take fitowa a jiki?

Da farko wani wuri ne mai tauri a fata, shafaffe ko ɗan tasasshe, wanda idan an taɓa ake jin kamar an cusa guntun roba a ciki. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. A farar fata yakan yi ja ko shunayya, a baƙar fata kuwa yakan fi sauran jiki duhu, ko ya saje da shi har sai an shafa za a gane. Yakan zauna haka shekaru, wani lokaci fiye da goma, kafin ƙullutu ɗaya ko da yawa su taso a kansa. Idan sun girma fatar da ke kansu takan yi sheƙi ta miƙe, tana iya fashewa ta yi jini ko ta zama gyambo, kuma a lokacin ne wasu ke fara jin zafi.

Kusan rabin masu ita a gangar jiki take fito musu, wato ƙirji, baya, ciki da kafaɗa. Sai cinya da damtse, sannan kai da wuya, inda ta fi wuyar aiki saboda ƙarancin fatar da za a iya yankewa.

3. Me ke kawo ta? Ana gadonta, ko ana ɗauka?

Ba a gadonta, ba a ɗauka daga wani, kuma zafin rana ba shi ne sanadinta ba, saɓanin wasu sankarorin fata. A cikin fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ita, ana samun kuskure iri ɗaya a ƙwayoyin ƙarin: guntun kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) na 17 da na 22 sun yi musayar wuri, sai ƙwayar gado mai suna COL1A1 ta manne da wata mai suna PDGFB. Sakamakon haka ƙwayar ƙarin takan dinga fitar da sinadarin da ke umartarta da ta hayayyafa, ba tsayawa. Wannan kuskure a cikin ƙarin kaɗai yake, ba ya cikin maniyyi ko ƙwan mace, don haka ba ya wucewa ga 'ya'ya. Saƙon wannan sinadari ne kuma maganin da ke tambaya ta 12 yake toshewa.

Wasu kan ce ƙarin ya fito musu a kan tsohon tabon rauni, ƙuna ko tiyata. Hakan na faruwa, amma mafi yawan masu ita ba su taɓa jin rauni a wurin ba.

4. Ta yaya za a bambanta ta da kumburarren tabo ko ƙarin kitse?

Da ido kaɗai ba a iya tabbatarwa, ko a wurin ƙwararren likitan fata. Kumburarren tabo, wanda likitoci ke kira kiloyid, shi ne aka fi rikita ta da shi, musamman a ƙirji da kafaɗa, kuma mutane kan shafe shekaru ana yi musu allurar narkar da tabo a kan DFSP. Abubuwan da ya kamata su ta da zargi su ne: tabon da ya taso ba tare da wani rauni, ƙurji ko yanka da aka sani ba, wanda aka yi wa allura sau da yawa bai sauka ba, wanda ƙullutu daban-daban suka fito a kansa, da wanda taurinsa ya zarce iyakar abin da ake gani. Ƙarin kitse kuwa laushi gare shi, kuma fata tana zamewa a kansa. DFSP manne take da fatar, idan an ja fatar tare suke tafiya.

Duk ƙarin da aka taɓa cirewa ya dawo a wurinsa, kada a sake yanka shi sai an yi gwajin da ke tambaya ta 5.

5. Wane gwaji ne ke tabbatar da ita? Taɓa ta da wuƙa ba zai watsa ta ba?

Gwajin nama, wato bayofsi. Ana yin allurar kashe zafi a wurin, a yanki ɗan nama, a ɗinke da zare ɗaya ko biyu, a sa naman cikin ruwan fomalin a aika ɗakin gwaje-gwaje. Aikin bai cika wuce minti ashirin ba. Sharaɗinsa shi ne yankan ya yi zurfi har ya haɗa da kitsen ƙarƙashin fata, domin yadda ƙarin ke kutsawa cikin kitse yana daga manyan shaidunsa. Idan aka kankare saman fata kawai, ko aka zuƙo ƙwayoyi da siririyar allura, sakamako yakan fito cewa babu komai ko kuma ƙari ne marar illa, a sallami mutum alhali ciwon na nan. Idan sakamako bai yi daidai da abin da likita ke gani ba, a maimaita gwajin da yanka mafi girma.

Bayofsi ba ya watsa wannan sankara zuwa cikin jiki. Abin da likita zai kula da shi shi ne ya yi yankan a kan ƙarin kansa, ta yadda tabon gwajin zai fita tare da naman da za a cire a babbar tiyata. Abin da ke ɓata aiki shi ne matsa ƙarin, tsaga shi ko ƙona shi da magani mai cin fata: saman ne ke tafiya, saiwar na nan, kuma tabon da ya biyo baya yana ɓoye iyakar ciwon.

6. Me kalmomin da ke takardar sakamako suke nufi?

A ƙarƙashin madubin likita ƙwayoyin DFSP sirara ne dogaye, sun jeru suna kewaya juna kamar saƙar tabarma, kuma inda suka shiga kitse sukan zagaye ƙwayoyinsa su ba da siffar saƙar zuma. Sai a yi wa naman rini na musamman. DFSP takan kama rinin CD34 sosai, ba ta kama na factor XIIIa. Ƙaramin ƙari marar illa mai suna dermatofibroma, wanda suke kama da juna, yawanci akasin haka yake nunawa. Inda aka rasa tabbas, ko ana shirin ba da imatinib, maganin sha da ke tambaya ta 12, akan nemi gwajin da ke nuna haɗewar COL1A1 da PDGFB.

Kalmar da ta fi muhimmanci a nema ita ce fibrosarcomatous. Tana nufin wani sashe na ƙarin ya rikiɗa ya zama mai saurin girma, kuma ana samun haka a kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Wannan nau'i ya fi dawowa, ya fi kuma iya kaiwa huhu, don haka bibiyarsa daban ce, kamar yadda ke tambaya ta 15. Idan an ga sunan Bednar, nau'i ne mai baƙin launi, maganinsa ɗaya da na saura.

7. Sai an yi hoto kafin tiyata?

Ƙaramin ƙari mai motsi a kan tsoka ba lallai ya buƙaci hoto ba. Ana yin MRI, hoton da ke nuna cikin nama, idan ƙarin babba ne, ko ya dawo bayan tiyata, ko yana kai da wuya, ko ya ƙi motsi har ana zargin ya kama tsoka ko ƙashi. MRI zurfi yake nunawa, ba ya ganin siraran saiwoyin gefe, saboda haka ba ya maye gurbin duba gefen nama da ke tambaya ta 8. Hoton CT na ƙirji na masu nau'in fibrosarcomatous ne da waɗanda ƙarin ya yi ta dawo musu.

8. Me ya sa likita zai yanke wuri mai faɗi haka a kan ɗan ƙaramin ƙari?

Saboda saiwoyin. Idan aka ɓare ƙarin daidai iyakarsa kamar yadda ake cire ƙarin kitse, yakan dawo wa kusan rabin mutane, kuma kowace dawowa ya fi zurfi da wuyar cirewa. Shi ya sa ake auna santimita 2 zuwa 4 na lafiyayyiyar fata daga bakin ƙarin ta kowane gefe, a yanka har ƙasa a haɗa da farin tantanin da ke lulluɓe da tsoka. Lissafin yakan ba mutane tsoro: ƙari mai faɗin santimita 3, idan aka ƙara 3 ta kowane ɓangare, ramin da zai bari santimita 9 ne. Gara likita ya zana wannan da'ira da alƙalami a jikin mutum ya gani tun kafin ranar aiki.

Faɗin yanka shi kaɗai ba ya isa, domin saiwar ba ta bazuwa daidai wa daida. Tana iya tsayawa a santimita ɗaya ta dama, ta kai biyar ta hagu. Don haka likitan fiɗa yakan sa wa naman alama da zare, misali gajeren zare a sama, dogo a gefe, mai gwaji kuma ya shafa wa gefunan tawada kala-kala kafin ya yayyanka. Idan ya ga ƙwayoyin ciwo sun taɓa tawada, ya san ta wane ɓangare aka bar saura, sai a koma can kaɗai a ƙara yanka. Abin da ake nema a takarda shi ne a rubuta cewa dukkan gefuna da ƙasa sun fita tsaf. Ba a cire kaluluwar hammata ko ta matsematsi, saboda wannan sankara ba kasafai take bi ta nan ba.

9. Mece ce tiyatar Mohs, kuma ta fi wadda aka saba?

Hanya ce da Frederic Mohs, likita a Amurka, ya fara a shekarun 1930. Ana cire ƙarin da ɗan siririn gefe, a zana taswirarsa, a duba dukkan gefen da ƙasan a madubi, sannan a koma a ƙara yanka a inda aka ga saura kaɗai. Haka za a yi ta yi, zagaye bayan zagaye, har a kai ga lafiyayyen nama. Bambancinta da gwajin da aka saba shi ne a can ana yanka naman ne kamar burodi a duba wasu yankuna, saiwa na iya ratsawa ta tsakaninsu ba a gani ba. A nan kuwa kusan duk gefen ake dubawa.

Dawowar ciwo bayan Mohs ba ta cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba, ƙasa da ta yanka mai faɗi, kuma tana rage asarar fata, abin da ke da muhimmanci a fuska, fatar kai da hannu. Akwai wata siga tata da ake jiran kwana ɗaya ko biyu tsakanin zagaye domin a sarrafa naman sosai a yi rinin CD34, raunin na rufe da bandeji a tsakani. Inda babu mai yin Mohs, yanka mai faɗi tare da duba gefuna da kyau magani ne ingantacce, ba a jinkirta aiki watanni saboda nemanta.

10. An riga an cire mini shi a matsayin ƙari marar illa, daga baya sakamako ya nuna DFSP. Tunda wurin ya warke, sai na sake tiyata?

I, kusan a kowane hali. Wannan ita ce hanyar da mutane da yawa ke sanin suna da ciwon, kuma warkewar ɗinki ba ta nuna komai game da abin da ke ƙasa. A ɗauka cewa akwai saura, a cire tabon gaba ɗaya da gefe kamar yadda ke tambaya ta 8 ko ta 9, cikin makonni, ba tare da jiran ƙullutu ya sake tasowa ba. A tafi wa likita na biyu da takardar sakamako, da bayanin aikin farko, da hoton ƙarin kafin a cire shi idan akwai. Idan zai yiwu a karɓo gilasan naman daga ɗakin gwajin farko domin wani ƙwararre ya sake dubawa.

11. Yaya ake rufe ramin da aka bari?

Ƙarami akan ɗinke shi kai tsaye. Babba yakan buƙaci dashen fata, wato a feƙe siririyar fata daga cinya a shimfiɗa a kai, ko a juyo fata da namanta daga maƙwabcin wuri. Ƙa'idar da bai kamata a karya ba ita ce: kada a juyo nama ko a ɓanɓare fatar gefe sosai kafin sakamako ya tabbatar gefuna sun fita. Idan aka yi haka sannan aka gano akwai saura, taswirar ta riga ta rikice, ba a san inda za a koma ba, kuma mai yiwuwa an shimfiɗa lafiyayyen nama a kan ciwo. Zama da buɗaɗɗen rauni na 'yan kwanaki ana wanki yana da wuya, amma ya fi wannan sauƙi. Mai shan taba ya daina tun makonni kafin aiki, mai ciwon suga ya daidaita shi, don su biyun suna iya kashe dashen fata.

12. Akwai maganin sha da zai narkar da ita ba tare da tiyata ba?

Akwai imatinib, wanda aka fi sani da sunan Glivec, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga DFSP a 2006. Yana toshe wurin da saƙon PDGFB ke shiga ƙwaya. Ana ba da miligiram 400 sau ɗaya a rana, ko 400 safe da yamma, tare da abinci da babban kofin ruwa. Kusan rabin masu shansa ƙarin yakan ragu sosai, amma da wuya ya kashe ƙwayoyin duka, kuma idan aka daina yakan sake girma. Don haka ba madadin tiyata ba ne. Wurinsa uku ne: ƙarin da ba ya ciruwa, wanda ya kai huhu, da babban ƙari a wuri mai wuya da ake son ya ragu na wasu watanni kafin a yi aiki. Idan gwaji ya nuna ƙarin ba shi da haɗewar da ke tambaya ta 3, ba a sa ran maganin zai yi tasiri. Ruwan kemo da aka saba sa wa masu sankara ba ya yin wani abin kirki a DFSP ta asali.

Illolinsa da aka fi gani su ne kumburin fatar ido da safe, kumburin ƙafa, tashin zuciya, gudawa, ɗaurewar tsoka, ƙuraje da kasala. A baƙar fata yakan sa launi ya yi haske, kuma yakan koma bayan an daina. Ana auna jini da aikin hanta akai-akai, musamman a watannin farko. Zazzaɓi, zubar jini, rawayar ido, ƙarin nauyi cikin 'yan kwanaki ko sarƙewar numfashi, duk suna buƙatar ganin likita a ranar. A sanar da likita duk maganin da ake sha: rifamfisin na tarin fuka, da kabamazefin da fenitoyin na farfaɗiya suna rage ƙarfin imatinib a jini, shi kuma yana rikita aikin wafarin mai tsinka jini.

13. Yaushe ake yin gashi da haske, wato ƙona ƙwayoyin ciwo da hasken na'ura?

Idan gefuna ba su fita ba kuma babu halin ƙara yanka ba tare da babbar nakasa ba, ko ƙarin ya dawo sau da yawa. Adadin da aka saba shi ne Gire (ma'aunin yawan hasken) 50 zuwa 60, a raba shi 2 kowace rana, kwana biyar a mako, tsawon mako biyar zuwa shida, bayan rauni ya warke. Fatar wurin takan yi duhu, ta bushe, wani lokaci ta saluɓe, daga baya kuma ta yi tauri. Wanda aka cire wa ƙari gefuna suka fita tsaf ba ya buƙatar gashi.

14. Mai juna biyu fa, da yara?

DFSP na iya saurin girma a lokacin goyon ciki. Bayofsi da allurar kashe zafi ba shi da haɗari ga ɗan tayi, don haka ba a ɗage shi. Lokacin babbar tiyata kuwa likitan fiɗa da na haihuwa ne ke tsayar da shi tare, kuma ƙaramin ƙari marar saurin girma ana iya jira da shi har a haihu. Imatinib yana iya nakasa ɗan tayi, ba a shan sa da ciki ko ana shayarwa, kuma wajibi ne a hana ɗaukar ciki muddin ana kansa. Gashi ma ba a yi.

Yara ma tana kama su, har akwai waɗanda ake haifa da ita a ɗauka tabon haihuwa ne. Tabon haihuwar da ke ƙara tauri ko ya fitar da ƙullutu ya cancanci gwaji. Maganin ɗaya ne da na manya.

15. Tana kisa? Har yaushe za a ci gaba da zuwa asibiti?

Da wuya ƙwarai. Bayan shekara goma, kusan kashi 99 cikin ɗari na masu ita ba ta zama ajalinsu ba. A nau'in asali, waɗanda take kaiwa wani sashe na jikinsu ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba, yawanci kuma bayan ta dawo sau da dama. A nau'in fibrosarcomatous haɗarin ya haura kashi 10, kuma huhu ta fi nufa.

Mafi yawan dawowa cikin shekara uku na farko take faruwa, amma ana ganin wadda ta dawo bayan shekara biyar har goma. Saboda haka ana ganin likita duk wata shida a shekaru uku zuwa biyar na farko, daga nan sau ɗaya a shekara. Masu nau'in fibrosarcomatous akan ƙara musu hoton ƙirji lokaci-lokaci, da MRI na wurin idan aikin ya yi zurfi ko an juyo nama a kai. A gida, sau ɗaya a wata, a bi tabon da tafin yatsu daga wannan baki zuwa wancan, a kuma shafa faɗin yatsu uku a kewayensa. Idan a baya yake, wani ya duba, a ɗauki hoto da ma'auni a gefe domin kwatantawa. Tabon tiyata laushi yake ƙarawa da tafiyar watanni. Duk wurin da ya fara sabon tauri, ko ƙullutu ya taso ko da bai fi ƙwayar wake ba, a kai shi a yi bayofsi ba tare da jiran ranar da aka ba da ba.